Ya Ce Mu Bi Kuɗin Manya, Ashe da Muryata Yake Farauta

Edita, ina yi muku sallama, ku da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Waɗanda abin ya shafa za su gane ni tun kafin su yi nisa, waɗanda bai shafa ba kuwa labarin ya ishe su.

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni ce mai lura da mata masu tsintar zoɓo da riɗi a wani kamfanin da ke fitar da amfanin gona waje, a Sharada. 'Yar wani ƙauye ce ni a gefen Challawa, inda yanzu masana'antu suka cinye gonakin iyayenmu. Na yi karatun koyarwa, na nemi aji na rasa, sai na karɓi wannan aikin da niyyar kafin wani ya samu, ashe zama ne ya kama ni. Maigidana yana aikin inji a wani kamfanin roba a Challawa, wani makon safe wani makon yamma. Muna da yara, muna da rufin asiri. Aikina shi ne in raba wa mata buhuna da safe, in zaga in duba kada a bar tsakuwa ko kara a cikin kaya, in tsaya a bakin sikeli lokacin awo, ranar biya kuma in tsaya kada a tauye wa kowa haƙƙinta. Matan suna ce mini Malama. Ba ni da mota, ba ni da gwal na a zo a gani, abin taƙamata a duniya ɗaya ne: in na ce abu fari ne, babu wadda za ta tashi ta je dubawa.

A cikin matan akwai wata dattijuwa 'yar Nijar, daga wajen Magarya, da kowa ke kira Inna. Hannunta ya fi na kowa sauri a kan faranti, amma yanar ido ta fara rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya soma hazo. Ni da ita muka rufa wa juna asiri. Kullum nakan ajiye ta a bakin ƙofar sito inda haske ya fi yawa, in ta gama kuma in bi kayanta in sake dubawa kafin a kai sikeli. Ta daɗe tana tara kuɗin da za a kankare mata yanar, abincin rana ma ba kullum take saye ba. Ɗiyata take ce mini, ni kuma na ɗauke ta uwa.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon akanta daga reshen kamfanin da ke Bompai. Mutum ne mai tsafta, kullum cikin farar shadda da hula a karye, ga fara'a, ga gaisuwa. Ba ya wuce 'yan dako bai tambaye su iyali ba, in rana ta take sai ya aika a sayo musu ruwan leda. A sahun farko yake salla a masallacin bakin get. Wanda ya gabace shi sai ka yi ta sintiri kafin ya fitar da kuɗin mata, shi kuwa tun kafin azahar ta ranar biya ya gama shirya komai. Wa zai ƙi irin wannan? Har addu'a matan suke yi masa.

Wata ranar biya na shiga ofishinsa in sa hannu, na tarar da kwamfutarsa cike da wasu sanduna kore da ja masu nuna farashi, suna hawa suna sauka. Na tambaye shi cikin wasa ko shi ma ya shiga sahun masu danna waya da suka cika gari, masu cewa suna haƙo kuɗi a iska. Ya yi dariya ya ce in zauna. Ya ce waɗancan caca suke yi da hasashe, shi kuwa karatu yake yi. Ya ce kasuwar kirifto, wato kuɗin intanet, ba ƙananan mutane ke juya ta ba, manyan kamfanonin zuba jari ne na ƙasashen waje, masu riƙe da kuɗin bankuna da na 'yan fansho, kuma kuɗinsu ya yi nauyin da ba ya iya tafiya a ɓoye. Ya nuna mini shafin da ake wallafa abin da ya shiga hannunsu da abin da ya fita kowace rana. Ya ce in na ga suna ta zubawa kwana da kwanaki, farashi sama zai yi, in kuwa na ga sun fara janyewa, in tattara nawa in riga su fita. Da ya ga ina jinjina kai, sai ya kawo misalin da ya kama ni. Ya ce ai na fi shi sani, ranar da tirelolin manyan 'yan kasuwa suka yi layi a kasuwar Dawanau suna lodin riɗi, ba sai an gaya mini buhu zai yi tsada ba. Gaskiya ce, na sha gani da idona.

A ranar ya ce mini kuɗin manya na ta kwarara cikin Bitkoyin, babban kuɗin kirifto, in zuba ido. Na zuba, kuma ya tashi kamar yadda ya faɗa. Sai ya buɗe mini asusu a wayata, na sa ɗan abin da ba zai hana ni barci ba in ya salwanta, ya ƙaru, na cire na saya wa yara takalman makaranta har da canji. Ba ribar ce ta fi ɗauke ni ba, Edita, ilimin ne. Shekara da shekaru ina tsaye a cikin ƙurar zoɓo, takardar karatuna na ƙasan akwati, sai ga wani ya ɗauke ni mai ƙwaƙwalwa, yana yi mini bayani kamar ɗalibar jami'a. A cikin adaidaita sahu ina duba shafin nan, a lokacin cin abinci ina dubawa, har na iya gane yaushe manya ke tarawa, yaushe suke sassautawa. Cikin wannan murnar na aika masa saƙon murya. Na ce na gode, duk abin da ya faɗa ya tabbata, na cire kuɗina da hannuna babu wata matsala, Allah ya saka masa da alheri, kuma duk wanda ya bi maganarsa ba zai yi nadama ba. Godiya ce tsakanina da shi, irin wadda kowane ɗan halak zai yi wa wanda ya yi masa alheri.

Bayan wani lokaci ya kira ni, ya rage murya ya ce Bitkoyin ya riga ya yi nisa, ya zama na masu hannu da shuni, amma ya hango wani sabon koyin, wato wani ƙaramin kuɗin kirifto, da manya suka fara tarawa a asirce. Ya nuna mini wasu asusu masu dogayen lambobi, kowanne ya sayi abin da ya fi ƙarfin hankali, kuma kullum ƙarawa suke yi. Na tambaye shi me ya sa waɗannan babu suna, alhali na farko an rubuta kamfanonin ƙarara. Ya ce attajirin da ke son sayen gona da araha ba ya zuwa da kansa, ɗan aike yake turawa, kuma ranar da sunayen suka fito, rana ta riga ta faɗi a kanmu. Wannan ma na san gaskiya ne, don haka aka sayi gonakin ƙauyenmu. To a lokacin akwai kuɗin gonar ƙarshe da mahaifinmu ya bari, suna hannuna. Mun sayar da ita, mahaifiyata da ƙanwata suka ce in riƙe kasonsu tare da nawa har mu sami fili a Kumbotso mu gina wa tsohuwa ɗaki. Nasu ban taɓa ba, wannan kam ina gode wa Allah a kai. Nawa kuwa na kwashe gaba ɗaya na zuba, ban ko gaya wa maigidana ba, ina so in ba shi mamaki.

Koyin ya yi ta hawa. Wata safiya ina duba farantin Inna, sai ta jawo gefen zanina ta tambaye ni a hankali yaushe za mu cire. Na ce cire me? Ta ce abin nan da na ce a shiga. Ta ce a wayar mai POS na bakin get ta ji muryata, ina cewa na cire kuɗina da hannuna, duk wanda ya bi maganar akanta ba zai yi nadama ba. Ta ce da wani ne ya faɗa da ko waiwaye ba za ta yi ba, amma tunda ni ce, sai ta kwance abin da take tarawa na aikin ido ta ba mai POS ya saya mata, don an ce mata a asibiti kuɗin aikin ya ƙaru, tana so ya cika kafin ɗaya idon ya bi ɗan'uwansa. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, ashe da yawansu sun shiga. Wasu da kuɗin adashe, wata ta sayar da tunkiyarta, wata keken ɗinkinta. Saƙona ya zaga guruf-guruf na hirar ma'aikata a waya daga Sharada har Challawa, an liƙa shi a ƙarƙashin hoton sabon koyin. Har abokan aikin maigidana sun ji, an ce musu matar wane ce, kun dai san ba ta ƙarya.

Na sami akanta a ranar, raina a ɓace. Ya ce ai alheri ya yi wa mutane, ko so nake in ci ni kaɗai? Ya ce bai ƙara ko kalma ɗaya a maganata ba, da bakina na faɗa. Na ce a kan Bitkoyin na faɗa, ba wannan ba. Ya juyo da kwamfutar ya nuna mini sandunan kore, ya ce in duba da kyau, manya ba su daina saye ba, kuɗin Inna ma ya kusa ninkawa, in na tayar wa mata da hankali suka fita yanzu, to ni ce na hana ta aikin ido. A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da na koma sito na tsaya a tsakiyar matan na ce muryata ce amma ba da yawuna aka yaɗa ba, kowa ta cire nata yau, da wasu sun tsira. Ban yi ba. Na ce bari ya ƙara hawa kaɗan, kowa ta samu, sannan in sa su fita lafiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ranar da abin ya fashe, hantsi ne, muna tsakiyar awo. Wata daga cikin matan ta ƙwala ihu daga bayan buhuna, ta zo da gudu tana miƙo mini waya. Sanda ɗaya ce ja, doguwa, tun daga saman gilashin har ƙasa. Na ciro tawa, na danna sayarwa, ta ƙi, na sake, ta ƙi, babu mai saye. Kafin a kira azahar, abin da ya rage a asusuna bai isa cefane ba. Aiki ya tsaya cak. Mata suka yi watsi da farantai suka kewaye ni. Wata ta fizge mini mayafi. Wata da na taɓa jinyarta a asibiti lokacin haihuwa ta nuna ni da yatsa, ta ce in faɗi nawa aka ba ni a kan kowane kai. Inna kaɗai ba ta tashi ba. Tana zaune a bakin ƙofa da farantinta a cinya, tana ta tambayar na kusa da ita wai me ya faru, babu mai amsa mata.

Hayaniyar ce ta fito da akanta. Na ɗauka zai ɓuya ko ya gudu, irin yadda ake ji a labarai. Ina! Ya tsaya a kan matakalar ofis, hannu a aljihu, ya jira aka yi shiru, sannan ya ce shi ma abin ya taɓa shi. Ya ce manyan kamfanonin ne suka janye, kuma alamar ta fito tun da safe ga mai ido. Ya ce ya koya wa Malama yadda ake karantawa, in ba ta duba ta gaya musu ba, wannan tsakaninsu ne da ita. Ya tambaya ko akwai wadda ta taɓa ba shi ko sisi a hannu. Babu. Ya ce to, kowa da wayarta ko ta mai POS ta saya, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ya gyara hularsa, ya juya ya koma cikin sanyin ofishinsa, ya bar ni a tsakiyarsu. Wallahi har yau in na tuna wannan gyaran hula sai in ji ƙirjina na tafasa.

Gida ma babu sauƙi. Maigidana ya riga ya ji, don abokan aikinsa sun tare shi a bakin inji. Ya ce gadona nawa ne, ba shi da iko a kai, amma ya yi zaton ya kai matsayin da za a yi shawara da shi. Wannan maganar ta fi mari ciwo. Duk da haka shi ne ya riƙa tsayawa a ƙofar gida yana ba mutane haƙuri, ya daina zama a majalisarsu, ya canza hanyar da yake bi zuwa aiki. Mahaifiyata kuwa, da na je na durƙusa na gaya mata ɗakinta ba zai samu bana ba, cewa ta yi ɗaki bai dame ta ba, abin da take ji ana faɗa a kaina a gidajen biki shi ne ya hana ta fita.

Gaskiyar ta zo mini ta inda ban zata ba. Na je suna a Dakata, dole ce ta kai ni don 'yar'uwa ce ta jini, na sami lungu na raɓe. Wata mata da ke aikin sito a reshenmu na Bompai ta gane ni, ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce ta ji abin da ya faru, kuma ba a kaina aka fara ba. Ta ce a can ma haka ya yi, sunan koyin ne kawai daban. Ya fara da hasashen gaskiya a kan babban kuɗin har aka yarda da shi, sannan ya kawo ƙarami. A can muryar wani dattijon maigadi ya yaɗa, mutumin da yake jan ma'aikata salla in liman bai zo ba. Ta ce manyan asusun da yake nunawa babu wani kamfanin waje a bayansu, nasa ne da na abokansa. Waɗanda suka ƙirƙiro koyin suna ba su shi kyauta mai yawa don su kawo masu saye, sai su yi ta juya shi daga wannan asusu zuwa wancan kamar ana ciniki, in talakawa sun cika su juye musu gaba ɗaya a lokaci guda. Ta san haka ne domin ɗaya daga cikin abokan nasa, da rabo ya haɗa su faɗa, shi ya zo ya tona a gaban shugabannin kamfanin. Na ce to me aka yi masa? Ta ce an sallami maigadi saboda rigimar da ake zuwa yi a bakin get, shi kuma aka mayar da shi Sharada.

Washegari na shiga ofishinsa ko sallama ban yi ba. Na zayyana masa duk abin da na ji. Bai ko motsa ba, ya ci gaba da danna na'urar lissafi, sai da ya ga dama ya ɗago.

"Malama, na ce miki manyan asusu ne. Ba manya ba ne?"

"Ka ce na kamfanonin waje ne."

"Na ce ina kyautata zato. Ke da kanki kika tambaye ni me ya sa babu suna, kika kuma saya. Ke fa mai ilimi ce, ba irin waɗancan ba."

"Idon Inna fa? Ba ka tsoron Allah?"

"Inna ba ta taɓa shigowa ofishin nan ba," ya ce. "Muryar wa ta ce ta ji?"

Na wuce wajen manaja, na ce ranka ya daɗe, an cuce mu a cikin gidanka, kuma an san halinsa aka kawo mana shi. Ya saurare ni yana duban agogo. Ya ce abin da ma'aikaci ya yi da wayarsa babu ruwan kamfani, lissafin kamfani bai taɓa samun giɓi a hannun akanta ba, kuma maganar da na jiyo a gidan suna ba hujja ba ce. Abin da ya dame shi, in ji shi, kwantena na jiran kaya, mata sun daina jin maganata, kullum sai an yi cacar baki a sito. Ya ce in je gida in huta har ƙura ta lafa, za a neme ni. Kowa ya san ma'anar za a neme ka. Na kai ƙara inda ake kai ƙara, aka tambaye ni rasit, babu, aka tambaye ni wa ya karɓi kuɗi a hannu, babu. Wanda ya saurare ni ya ba ni shawara, wai don Allah yake gaya mini, in na matsa aka buɗe bincike, wadda aka ji muryarta tana talla ita za a fara tsarewa.

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne wanda ya lissafa kuɗin sallamata. Akantan ne. Shi ya buga takardar, shi ya nuna mini inda zan sa hannu, ya miƙo mini ambulan da hannu biyu, ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Ya ƙara da cewa in rungumi ƙaddara, mumini ba ya jayayya da rabo. Mutumin da ya haƙa ramin shi ke yi mini wa'azin ƙaddara! Na so in watsa masa ambulan ɗin a fuska. Ban watsa ba, don kuɗin makarantar yarana na ciki, kuma ya san da haka. Na karɓa, na fito ta gaban matan da na yi shekaru ina tsaya musu a bakin sikeli, babu wadda ta ɗago kai.

Wadda ta maye gurbina ba ta san a ajiye Inna a bakin ƙofa ba, ko ta sani ba ta damu ba. Aka fara samun tsakuwa a kayanta, aka ce ta daina zuwa. Kafin ta koma gida ta sa wata maƙwabciyarta ta jawo ta har gidana. Ta zauna a kan tabarma tana kallon gefen da ba nan nake ba, sai da na yi magana ta juyo. Na gaya mata abin da na gano, na roƙe ta ta yafe mini shirun da na yi. Ta ce ta yafe, ta san ba ni na ci ba. Sai ta tambaye ni cikin sanyin murya ko manyan kamfanonin nan, in an kai musu labarinta, za su dawo mata da nata, tunda su ba za su rasa komai ba. Duk bayanin da na yi bai shiga ba, har lokacin tana ganin akwai su. Na haɗa mata abin da na iya daga kuɗin sallamar, bai kai ko'ina ba, na raka ta tasha. Labarin ƙarshe da ya iso ni daga wajensu, ɗaya idon ma ya rufe.

Yanzu ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Na'ibawa, albashin bai kai na da ba, amma muna ci muna sha. Ni da maigidana mun daidaita, ko da yake an ɗauki lokaci. Wasu daga cikin matan sun ji gaskiya daga baya sun aiko da ban haƙuri, wasu har yau in sun hango ni a kasuwar Sharada sai su tsallaka titi. Shi kuwa akanta yana nan a kujerarsa, ya canza mota, na ji ma an ƙara masa girma.

Ba na cewa duk abin da ya koya mini ƙarya ne, kuma nan ne haɗarin yake. Manyan kamfanoni suna zuba kuɗi, ana wallafawa, wani lokaci farashi ya bi su, wani lokaci ya ƙi. Amma abin da kake gani a waya ya riga ya faru, su sun gama saye kafin labari ya iso bakin get ɗinmu, kuma in suka yi asara ba tukunyar gidansu ce ta sauka ba. Asusu marar suna kuwa, kowane macuci na iya buɗe tuli ya ce na attajiran duniya ne. In mutum ya nuna maka kuɗin manya, tambaye shi wa ya gaya masa nasu ne, ka kuma tambaye shi me zai samu in ka saya. In yana nuna maka hanya kyauta yana kuma matsa maka ka yi sauri, to duba da kyau, wataƙila kayansa ne yake nema wa mai ɗauka. Kada gaskiyar da ya faɗa jiya ta sa ka rufe ido a kan ta yau. Ku kuma da mutane suka yarda da ku, liman ne kai ko maigadi ko uwar adashe ko mai lura da aiki, ku sani ku aka fi nema, don ba aljihunku kaɗai ake so ba. Ku kiyayi godiyar da ake naɗa a waya. In kuwa kun gano ana talla da sunanku, ku tashi ku faɗa a ranar, ko da kowa na cikin murnar riba, ko da za a ce kun yi baƙin ciki.

Akwai masu zuwa su ce mini in yafe masa, in bar shi da Allah, wai riƙo ba ya da kyau ga mace mai addini. Na bar shi da Allah, wannan kam ba ni da wani zaɓi. Yafiya kuwa ban yi ba, kuma ba zan rubuta na yi don a ce ina da kirki ba. Gadon mahaifina da aikina, wataƙila wata rana in zuciya ta huce in duba maganarsu, tunda nawa ne. Idon Inna ba nawa ba ne da zan yafe.